Na Amsa Barista Ban Ci Jarrabawa Ba, Gwaggo Ta Rasa Gona

Edita, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da masu karatu, ina roƙon ka sakaya sunana. Waɗanda suka san ni za su gane ni ba sai an faɗa musu ba, waɗanda ba su san ni ba kuwa sunan ba zai ƙara musu komai ba. Lokacin da abin nan ya fara ina da shekara talatin da bakwai, ina koyar da Turanci da adabi a wata makarantar sakandare a nan Wudil. Ina da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu, da babur wanda ba ya tashi sai an lallashe shi, da buhu uku na littattafai da na tsinto a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai a Kano. Mutum ne ni mai son karatu, kuma mai son a san ina karatu. Abubuwa biyu ne dabam, amma a lokacin ban iya raba su ba. In na wuce allon talla a bakin tasha na ga kuskuren rubutu, sai raina ya ɓaci kamar ni aka zaga. Ɗalibai suna jin tsorona daidai gwargwado, iyayensu suna kawo min wasiƙa in karanta musu ko in rubuta musu. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da abin rubuto maka.

Muna da majalisa da muke zama bayan la'asar a ƙofar shagon wani abokina tela, ba nisa da gada. Wata rana musu ya kaure a kan wani direba da aka kama wa mota, sai na yi dogon bayani a kan abin da doka ta ce, rabi daga jarida na samo shi, rabi daga kaina. Da na ga an yi tsit ana saurarona, sai daɗi ya ɗebe ni na ce ai ni ma ina tunanin komawa makaranta in karanta shari'a. Tela ya ajiye almakashi ya miƙe tsaye, ya ce jama'a a gyara zama, Barista ya iso, daga yau duk wanda ya ce ya ɓata masa yadi to ga lauyansa nan zaune yana shan rake. Aka yi dariya aka watse. Amma ka san halinmu: wanda ya biya kujerar Makka ya zama Alhaji tun bai ga jirgi ba, yaron da ya shiga makarantar koyon jinya ya zama Dakta tun bai taɓa riƙe allura ba. Mu a wurinmu fatan alheri ne, kuma ƙin amsawa kamar ƙin addu'a ne. Kafin mako ya zagayo mahauci yana cewa Barista na nawa za a yanka, shugaban makarantarmu yana cewa Barista a shiga aji. Nakan ce a'a, ai da saura, amma da irin muryar da mai cin tuwo yake cewa ya ƙoshi alhali yana miƙa kwano.

Takardar shaidar malanta da nake da ita ba ta buɗe ƙofar sashen shari'a, don haka sai in bi layi ɗaya da yaran da nake koyarwa, in zana jarrabawar share fagen shiga jami'a. Na yanki fom, na zaɓi Turanci da adabi da darasin gwamnati da na addinin Musulunci. Na kalli darussan nan huɗu na ga biyu nawa ne na cin abinci, ɗaya a jarida nake karanta shi kullum, ɗaya kuwa tun ina makarantar allo nake cikinsa. Sai na shiga shiri irin na malami, wato na yi ta shirya darasin da babu wanda ya tambaye ni. Na cika littattafan rubutu bakwai da sharhi. Na sayo wani katon littafin dokar kwangila wanda sai ɗan aji uku a jami'a yake buƙata, na haddace kalmomin Latin da nake jefawa a majalisa, tela yana cewa a fassara masa kada a zage shi bai sani ba. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa kuwa hadda na yi musu kamar yadda muka saba da allo, ina kaiwa ina komowa a tsakar gida, matata tana riƙe da littafi tana karɓar hadda tana tankaɗe. Abu ɗaya ne ban yi ba. Akwai shagon kwamfuta a gari inda ake gwajin jarrabawar da agogo, kamar yadda za a yi ranar gaske. Na je ƙofar sau ɗaya, na leƙa na ga 'yan ajina cike da benci, na tambayi mai shagon ko yana buga katin biki, na juya.

Ranar jarrabawa aka tura ni wata cibiya a Kano. Na isa da farar shadda da hula, na shiga layi, wani mai tsaron ƙofa ya zo cikin ladabi ya ce Baba iyaye a can ƙarƙashin rumfa suke jira. Na nuna masa takardata, ya duba hoton ya dube ni, ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai jinya. A cikin layin akwai ɗalibaina uku, suka durƙusa suka gaishe ni, layi duka ya juyo. Da muka zauna aka ce a fara, linzamin kwamfuta ya ƙi ni, in nufi nan ya tafi can. Wannan ma ƙarami ne. Babban abin shi ne na zauna ina gyara jarrabawar maimakon in amsa ta. In ga tambaya, in ga amsa biyu duk suna iya zama daidai in an duba ta wata fuska, in tsaya ina musu da wanda ya tsara ta, mutumin da ba ya cikin ɗakin kuma bai san ina yi ba. Haddar da na yi kuwa ta tsaya min a maƙogwaro, domin tambayoyin sun zo da wata kama, amsoshin an sauya musu wuri. Yarinyar da take gefena ta gama ta tashi ina kan darasi na biyu. Allon ya rufe kansa da sauran tambayoyi wajen hamsin ban ko gan su ba. Shekara goma sha uku ina cewa yara lokaci ya cika a ajiye biro, ban taɓa sanin yadda maganar take a kunnen wanda aka faɗa wa ba.

Sakamako ta saƙon waya yake zuwa. Ina ofishin malamai nawa ya shigo: maki ɗari da casa'in da huɗu cikin ɗari huɗu. Shari'a kuwa kowa ya san ko ɗari biyu da hamsin ka samu sai ka haɗa da addu'a. Na karanta saƙon sau uku ina neman kuskuren rubutu, ban samu ba. Da yamma na je majalisa don na san rashin zuwa ma magana ce. Tela ya ce Barista yaya aka kwashe, na ce alhamdu lillahi, an samu abin da Allah ya rubuta. Ya juya ya ce wa jama'a kun ji manya, ba sa faɗin maki saboda baki. Aka yi ta sa albarka. Ina so masu karatu su lura da wurin nan, domin a nan komai ya karkace: ban yi ƙarya da harshena ba, na dai ajiye gaskiya a inda za a yi tuntuɓe da ita a ɗauka wani abu ne, na yi shiru.

Shekara ta biyu na sake yankar fom. A wannan karon na sauke girman kai rabi, na shiga wani darasin share fage a Kano inda babu wanda ya san ni, kowace Asabar in hau mota in tafi. Mutanen gari suka ga Barista yana tafiya Kano duk Asabar da jaka, suka kammala da kansu cewa lakca yake zuwa, an ba shi gurbin karatu na ma'aikata. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Maki ya zo ɗari biyu da tara. Na ƙaru da goma sha biyar a shekara guda, na zauna na lissafa cewa in aka ci gaba a haka zan shiga jami'a tare da ɗana na fari. Gajiyar da na ji a lokacin ba irin ta mai noma ba ce da barci yake magance ta. Ka tashi da safe ka shiga aji ka koya wa yara yadda ake cin jarrabawar da ta kayar da kai sau biyu, ka fito a ce maka Barista, ka amsa. Matata kaɗai ta san gaskiya. Ta ce min Malam, ita dai malamin makaranta ta aura kuma bai rage ta da komai ba, wannan Baristan da aka kawo mata gida kuwa ba ya ci ba ya sha ba ya dariya, in da hali a mayar da shi inda aka samo shi. Na ce mata ba za ta gane ba. Ta ce e, ita ba ta yi Latin ba.

Ina da gwaggo a Indabo, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Sunan mahaifinta aka sa min, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Baba take ce min tun ina cikin zani. Tana da gona da ta gada daga wurinsa, ita ce abincinta: gero, gyaɗa, wake. Shekarun baya da mijinta ya kwanta ciwo, 'ya'yanta kuma mata ne duk sun yi aure, sai aka ba wani maƙwabci aron gonar ya riƙa nomawa yana ɗan kawo musu abin da ya samu. Aro irin namu na ƙauye, babu takarda, a gaban mutum biyu aka yi bayan sallar azahar. Miji ya rasu, maƙwabci ya rasu, ɗaya daga cikin shaidun ya rasu. Da jikanta ya tasa ta ce a ba ta gonarta, sai 'ya'yan maƙwabcin suka ce ai babansu saya ya yi, shekara goma sha biyu suna nomawa ba wanda ya ce uffan. Aka je gaban mai unguwa ba a daidaita ba, aka tafi kotu. Shaidan da ya rage, wani dattijo da ya haura tamanin, yana kwance a asibiti a Kano. An ɗaga zama sau biyu ana jiransa, a na uku aka yanke hukunci, gona ta zama ta masu noma ta.

Washegari gwaggo ta zo gidana da takardar hukuncin a ƙulle cikin leda a bakin zani. Ta ce Baba, wani ma'aikacin kotu ya bi ta har waje ya ce Iya ki yi sauri ki nemi lauya, kada ki zauna. Ita kuwa ta ce masa ɗan nan ai ba sai ta nema ba, tana da shi a gida, ɗan wanta ne. Ta ƙara da cewa surukinta ya ce zai kai ta wurin wani lauya a Kano, ta ce masa ina, ta tsallake nata ta je wurin bare, ai sai a ce ta raina karatun Baba, da wane ido za ta kalli kabarin wanta. Edita, kara ta yi min. Ta ɗauki abincin bakinta ta ɗora a kan mutuncina don kada a ce an wuce ni. Abin da ya kamata in faɗa gajere ne: Gwaggo ban fara karatun ba, ban san wannan aikin ba, tashi mu je wurin wanda ya sani. Matata tana bakin murhu, ta daina fifita wuta tana jira ta ji. Na buɗe leda, na karanta hukuncin ina gyaɗa kai, na ce gwaggo ta kwantar da hankalinta, wannan ƙaramin abu ne.

Na yi abin da na iya, wato na rubuta wasiƙa. Shafi huɗu da Turanci, na kwana biyar ina gyara ta, kuma har yau ina ganin ban taɓa rubuta abin da ya kai ta kyau ba. Na kawo tarihin gonar tun daga kakana, na yi magana a kan adalci da haƙƙin gwauruwa, na zuba Latin wuri uku. Na kai aka buga, na miƙa ɗaya a ofishin kotun, ɗaya a gidan dagaci, na karɓi sa hannun wanda ya karɓa. A zatona na ɗaukaka ƙara ke nan. Ban san ɗaukaka ƙara tana da takardarta ta musamman da kotun da ake kai ta ba, ban kuma san tana da wa'adi ba. Da na tambayi ko da masinjan kotun ne da ya faɗa min, amma yaya Barista zai tambayi masinja? Ga shi kuma lokacin ya faɗo daidai da shirin jarrabawata ta uku. Kwanakin da doka ta ba gwaggo suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsakar gida ina haddace sunayen gwamnonin zamanin Turawa. Duk Juma'a, ranar kasuwa, takan biyo motar ƙauye ta zo ta zauna a kan tabarma ta ce Baba yaya maganarmu, in ce ana nan ana bi, harkar kotu sai haƙuri. Ta ce haka ne, Allah ya ƙara basira. Sakamako na uku ya zo, ɗari biyu da ɗaya. Ko baƙin ciki ban iya yi ba, na dai mayar da wayar aljihu na ci gaba da gyaran rubutun yara.

Da ruwan farko ya sauka, jikan gwaggo ya wuce ta gonar ya ga an yi shuka. Ta zo ba ranar kasuwa ba, ta ce Baba sun shuka fa, ko kotun ba ta gaya musu ana magana ba? A ranar tsoro ya shige ni. A majalisarmu akwai wani ma'aikacin jami'ar nan ta garinmu, mutumin Adamawa, mai ƙarancin magana. Na ja shi gefe na ce ina son ganin lauya don mu yi shawara irin ta abokan aiki. Ya dube ni ɗan lokaci, ya ba ni kwatancen ofishin wata lauya a Kano. Na girme ta da kusan shekara goma. Ta karanta hukuncin, ta karanta wasiƙata har ƙarshe, ta ce Malam Turancin nan ya yi kyau ƙwarai, to ina takardar ɗaukaka ƙarar? Na ce ita ce a hannunta. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta yi min bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa ɗan aji ɗaya: kwana talatin ake da shi, yanzu an haura wata uku. Shari'ar gwaggo mai kyau ce, domin dogon noma ba ya mayar da aro ya zama mallaka in akwai wanda zai shaida aro ne, kuma da an zo da wuri da an nemi a sake zama a saurari dattijon. Har yanzu akwai ƙofa ɗaya, a roƙi kotu ta ƙara lokaci. Amma kotu ba ta ƙara lokaci haka kawai, sai an kawo dalilin jinkiri a cikin takardar rantsuwa. Ta ce dalilin kuwa, Malam, kai ne. Sai ka rantse a rubuce cewa tsohuwar ta dogara da kai tana zaton kai masanin shari'a ne, alhali kai ba lauya ba ne, ba kuma ɗalibin shari'a ba.

Ta miƙo min biro. Na ce zan je in yi shawara. Ta ce Malam shaidanku fa ya haura tamanin. Na ce na sani, jibi zan dawo. Wannan ne wurin da ya fi min wuyar rubutawa, domin duk abin da ya wuce ina iya cewa jahilci ne, wannan kuwa da sanina na yi. Na san takardar rantsuwa a kotu ake karanta ta, na san 'ya'yan maƙwabcin za su ji, na san kafin la'asar labari ya iso gada. Jibi ta zama mako, mako ya zama uku. Kullum in shirya in tura babur, in ya tashi sai in tuna akwai jarrabawar gwaji da zan ba 'yan aji uku. Na riƙa zama ina sake tsara kalmomin rantsuwar a kaina, ko akwai yadda za a faɗi abin ba tare da an faɗe shi ba. Matata ta daina yi min maganar, abinci kawai take ajiyewa ta tashi. Ranar wata Talata na dawo daga makaranta na tarar da saƙo daga Indabo cewa dattijon ya rasu da hantsi, za a yi jana'iza bayan azahar. Na je. Na tsaya a sahu na yi masa salla, ina roƙa masa gafara, ina sane da cewa abin da ya sani game da gonar kakana ya tafi da shi cikin likkafani, kuma ni na ba shi lokacin tafiya da shi.

Washegari na je na sa hannu. Lauyar ba ta yi min faɗa ba, ta ce za a gwada, amma kada in sa rai. Daga ofishinta na wuce Indabo kai tsaye, na sami gwaggo tana ɓarar gyaɗa a zaure, na zauna a ƙasa na faɗa mata komai da Hausa, babu Latin: sau uku na zana, sau uku na faɗi, ban taɓa taka ajin shari'a ba, wasiƙar da na rubuta ba a bakin komai take ba, kuma an ba ni dama in gyara na tsaya jin kunya har mutumin ya rasu. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce Baba, to jarrabawar nan da wuya ne haka? Na ce da wuya, gwaggo. Ta ce Allah sarki, shekara uku kana fama kai kaɗai ba ka faɗa an taya ka addu'a ba. Sannan ta ce da na gaya mata tun ranar, ai da ta bi surukinta, kuma ba wanda zai ji daga bakinta. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Kotu ta karɓi rantsuwata ta ƙara lokaci, aka sake zama, aka ce a kawo shaida, babu. Hukuncin farko ya tabbata.

Labari ya iso gada kamar yadda na zata, kuma abin da na yi mako uku ina gudu bai ɗauki kwana uku ba. An yi dariya, an yi tsegumi, wani ya ce dama shi ya san Latin ɗin nan ta yi yawa, aka koma maganar tsadar taki. Tela ne kaɗai ya same ni ni kaɗai ya ce Malam ka yafe ni, ni na ɗinka maka rigar nan ban auna ka ba. Na ce shi ya ɗinka, amma ni na sa. Har yau akwai masu kirana da sunan, wasu don mantuwa wasu don tsokana, nakan tsaya in ce malamin makaranta ne, ko da a tsakiyar kasuwa ne, ko da mai kiran ya riga ya wuce. Ban sake yankar fom ba. Ba na cewa har abada, amma dai yanzu na gaji, kuma na gane ban taɓa zama na tambayi kaina ko aikin lauya nake so ko kuwa a yi shiru in ina magana ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma da tsada na saye shi, da dukiyar da ba tawa ba. Faɗuwa jarrabawa ba abin kunya ba ne, lamba ce take zuwa a waya, ta yi maka ciwo mako biyu ta wuce. Maki ɗari da casa'in da huɗu bai ci gonar kowa ba. Ɓoye shi ne ya ci. Ga ƙannena masu shirin wannan jarrabawa, musamman masu son shari'a da waɗanda suka girma irina: ku je ku zauna gaban kwamfuta ku gwada da agogo ko da kusa da ɗan cikinku ne, ku amsa abin da aka tambaya ku wuce. In sakamako ya zo ba yadda kuke so ba, ku faɗi lambar da bakinku a ranar, ga mutum biyu ko uku, kafin shiru ya yi muku gini a kai. Ga jama'a kuma, ku riƙa sassauta wa yaranmu da waɗannan sunaye na Barista da Dakta da Injiniya tun suna share fage. Na san fatan alheri ne, amma akwai wanda zai kasa sauke shi, kuma akwai tsohuwar da za ta ji ta gaskata. In kuwa wani naka ya zo maka da takardar kotu, ko ta asibiti, ko wata wadda ba aikinka ba ce, don ya ga kai ne mai boko a gidan, kada ka karanta kana gyaɗa kai. Ka sa takalmi ka raka shi wurin masu aikin a ranar.

Gwaggo tana nan da ranta. Surukinta ya yanka mata wani ɗan gefe a gonarsa, jikanta yana noma mata, abin da ake samu ba ya kai su rani. Duk wata nakan kai mata abin da ya sawwaƙa, takan karɓa ta sa albarka ta tambayi yara. Hanyar gidan surukin ta gefen tsohuwar gonar ta bi, kuma an gaya min in za ta je sai ta zagaya ta bayan makabarta, tafiyar da ta ninka, da sandarta. Ban taɓa tambayarta dalili ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Wanda ya karanta wannan, in zai yi addu'a, ya yi mata.